Wace magnoliya za ka dasa a bayan gidanka? Manyan iri biyar a kan ma'auni

Duk wanda ya zauna a Ingila, ko Jamus, ko gabashin Amurka ya san bishiyar nan ko da bai san sunanta ba. A watan Maris, sauran itatuwa na tsaye babu ko ganye ɗaya, sai a wayi gari ta lulluɓe da manyan furanni, farare ko ruwan hoda, tun kafin nata ganyen ya fito. Ita ce magnoliya. Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu da Allah ya hore wa gida mai fili a waɗannan ƙasashe suna sha'awar dasa ta, amma in aka je wurin masu sayar da dashe sai kai ya ɗaure, domin iri-iri ne, kowanne an rataya masa hoton furensa. Hoton nan kuwa shi ne abin da bai kamata a yi zaɓi da shi ba. Babu magnoliyar da ba ta da kyau a hoto. Abin da ya raba su shi ne ko furen zai tsira daga sanyin daren Maris a unguwarka, ko ƙasar gidanka za ta karɓe ta, da kuma shekara nawa za ka yi kana jira.

Gara a faɗa tun da wuri cewa waɗannan ba bishiyoyin Kano ko Damagaram ba ne. Suna buƙatar hunturu mai tsawo wanda za su zubar da ganye su yi barci, sannan ƙasa mai danshi duk shekara. Maganar ta mazauna ƙasashen sanyi ce, kuma watannin da zan ambata na kudanci da tsakiyar Ingila ne. Wanda ke Sikotilan ko Kanada ya ƙara makonni a kai.

Abin da za a auna

Na farko, wanda ya fi duk sauran nauyi, shi ne sanyin dare. Ita kanta bishiyar ba ta tsoron hunturu. Furen ne ragon. Magnoliya tana ƙulla hudarta tun lokacin zafi, ta wuce hunturu da ita a bakin reshe cikin wani kwanso toka-toka mai laushin gashi. Muddin hudar na cikin kwanson nan, lafiya lau. Da zarar rana ta ɗan yi ɗumi, kwanson ya tsage, furen ya leƙo, to dare ɗaya ya isa: daren da sama ta yi garau, iska ta kwanta, raɓa ta daskare a gilashin mota. Da safe za ka tarar furen da jiya yake fari sol ya koma ruwan ƙasa, ya yi yaushi, ya rataye a reshe, kuma haka zai zauna har ya zube. Bishiyar na nan da ranta, amma kwalliyar bana ta tafi, sai baɗi. Saboda haka irin da ke jinkirta fure da mako biyu ko uku ya fi wanda ke gaggawa daraja a yawancin gidaje, ko da furensa bai kai na wancan girma ba.

Na biyu, ƙasa. Magnoliya ta fi son ƙasa mai ɗan tsami, wadda pH ɗinta, wato ma'aunin tsamin ƙasa, ke tsakanin 5.5 da 6.5, mai riƙe danshi amma ruwa ba ya kwanciya. Wurare da yawa a kudu maso gabashin Ingila, irin su kewayen Luton da Brighton, a kan alli suke zaune. A irin wannan ƙasa ganyen wasu ire-iren yakan yi rawaya, jijiyoyinsa kaɗai su rage kore, bishiyar ta tsumbure. Kayan gwajin ƙasa ba su da tsada, ana samunsu a kowane shagon kayan lambu. Kafin ma ka saya, duba butar shayinka: in tana saurin yin farin ɓawo a ciki, ka fara zargin akwai alli a yankin.

Na uku, fili. Ba tsayi ne ke kawo rigima ba, faɗi ne. Na huɗu, jira. Akwai dashen da aka tayar daga ƙwaya, akwai wanda aka tayar daga yankan reshe, akwai kuma na aure, kamar dai yadda ake yi wa mangwaro: a ɗauko reshen uwa mai kyau a ɗaura a kan gindin wata mai ƙarfi. Na aure da na yankan reshe suna saurin fure, kuma furen uwarsu za su yi ba sauyi. Na ƙwaya sai abin da Allah ya ba ka, bayan doguwar jira. Na biyar, kuɗi da wahalar kula.

Soulangeana, wadda kowa ya sani

Idan ka ga magnoliya a ƙofar wani tsohon gida a Landan, mai fure fari daga ciki, ruwan hoda zuwa shunayya daga gindi, kusan ko shakka babu ita ce. Wani tsohon hafsan sojan doki na Napoleon, Étienne Soulange-Bodin, ya samar da ita a gonarsa ta Fromont kusa da Paris a shekarun 1820, ta hanyar haɗa iri biyu na ƙasar Sin, denudata da liliiflora.

Ita ce mafi araha da sauƙin samu, domin tana kamawa daga yankan reshe, kuma kusan ko'ina ana sayar da ita. Tana fure tun tana ƙarama, tana jure laka mai nauyi irin ta Landan da hayaƙin gari, tana kuma yin shekaru masu yawa ba tare da ta nemi komai ba. Wannan duk gaskiya ne, shi ya sa ta cika ko'ina.

Amma tana da aibi biyu da masu sayarwa ba sa faɗa. Furenta na buɗewa daidai lokacin da sanyin dare bai gama tafiya ba, daga ƙarshen Maris zuwa Afrilu, kuma furen mai kauri ne, cike da ruwa, ba ya jurewa. A tsakiyar babban birni, inda gine-gine ke riƙe ɗumi, takan tsallake. A bayan gari ko cikin kwari, wasu shekarun sai dai haƙuri. Aibi na biyu, ba ta miƙewa sama, bajewa take yi. Tsayinta mita 6 zuwa 8, faɗinta ma haka, kuma rassan daga ƙasa-ƙasa suke fitowa. Mutum zai dasa ta kusa da taga tana ɗan kara, bayan shekara goma sha biyar ta toshe haske, ya kira mai zarto. Magnoliyar da aka datse mata kai kuwa ba ta sake komawa kamanninta, sai ta fitar da tsirai miƙaƙƙu masu muni. Ina jin takaicin ganin irin waɗannan a tituna, domin laifin ba na bishiyar ba ne. In dai ita ranka ya kwanta da ita, nemi nau'inta mai suna Brozzonii ko Lennei, sun fi sauran jinkirin fure.

Campbellii, sarauniyar da ba kowa ke iya saukar da ita ba

Daga tsaunukan Himalaya ta fito, daga gabashin Nepal da Sikkim har zuwa kudu maso yammacin Sin, inda take kai mita 30. An sa mata sunan Archibald Campbell, wani jami'in Burtaniya a Darjeeling. A lambun Turai takan kai mita 15 zuwa 20. Furenta yakan kai faɗin santimita 25, ruwan hoda mai haske, kunnuwansa na waje su baje, na ciki su tsaya a dunƙule. Wanda ya tsaya a ƙarƙashin babba a watan Maris, ya ɗaga kai ya ga dubban furannin nan a kan rassa tsirara, zai gane abin da ya sa mutane ke yin tattaki don ganinta. A yankin Cornwall, a kudu maso yammacin Ingila, har da furenta ake sanar da cewa hunturu ya kau, kuma lambun Caerhays da ke can yana riƙe da ɗaya daga cikin manyan tarin magnoliya na ƙasar.

To amma a duba abin da ya sa Cornwall. Teku ya kusa kewaye ta, sanyin dare bai cika tsanani ba, ruwan sama na wadace, ƙasar mai tsami ce, lambunan kuma manya ne masu dogayen itatuwan da ke tare iska. Duk waɗannan campbellii ke nema, ba ta rangwame ko ɗaya. Tana buɗewa tun Fabrairu zuwa Maris, wato ita ce ta fi kowa shiga hannun sanyi. Ba ta son alli. Iska mai ƙarfi na yaga furen, har ta karya reshe. Sannan ga jira: wadda aka tayar daga ƙwaya tana iya kai shekara 20 zuwa 30 kafin furen farko. Ta aure tana rage wannan sosai, amma ita ma ba ta bana ko baɗi ba ce. Dashenta ya fi tsada, domin sai wurin ƙwararrun masu renon dashe, kuma aikin aure aikin hannu ne.

Ga wanda furen campbellii ya shiga ransa amma ba shi da filin ko shekarun, masu haɗa iri a Niyuzilan sun yi masa gata. Oswald Blumhardt ya haɗa ta da liliiflora ya samar da Star Wars, wadda ba ta kai rabin girman uwarta ba, tana fure tun tana ƙarama, furen kuma manya ne. Abin da ya fi burge ni da ita, ba ta buɗe hudarta gaba ɗaya. Makonni take yi tana buɗewa, saboda haka in sanyi ya ƙone na farko, na baya suna tafe.

Merrill da danginta

A Japan akwai wata magnoliya mai suna kobus, fara, mai ƙananan furanni, mai taurin rai, wadda ita ce ma ake yawan ɗaura sauran a kan gindinta. Matsalarta jira, domin ta ƙwaya takan wuce shekara goma ba ta yi fure na kirki ba. Wani Bajamushe, Max Löbner, ya haɗa ta da ƙaramar 'yar'uwarta stellata, aka samu zuriyar da ake kira loebneri. Daga cikinta Merrill ta fito, a lambun Arnold na jami'ar Harvard a Boston, a 1939.

Merrill takan kai mita 8 zuwa 10. Furenta fari ne, mai siraran kunnuwa da ƙamshi, bai kai na soulangeana girma ba, amma yana da yawan da ba ka ganin reshe. Ita ma tana buɗewa da wuri, sai dai furen ya fi jure sanyi, kuma ko ya ɗan ƙone ba ya yin munin da manyan furanni ke yi. Babbar fa'idarta ita ce ƙasa: a cikin biyar ɗin nan ita ta fi jure alli, muddin ƙasar na da zurfi kuma ba ta bushewa ƙayau. Tana kuma jure tsananin hunturu irin na arewa maso gabashin Amurka, inda aka haife ta. Farashinta matsakaici ne, samunta ba wuya. Ƙanwarta Leonard Messel, wadda ta fito daga lambun Nymans a Sussex, ruwan hoda ce, ta fi ƙanƙanta, kuma ta yi suna wajen tsallake daren sanyi.

Galaxy

Wannan an ƙirƙire ta ne musamman don maganin matsalar da muke magana a kai. A babban lambun itatuwa na ƙasar Amurka da ke Washinton, William Kosar ya haɗa iri biyu a 1963, aka fitar da ita ga jama'a a 1980. Tana jinkirta fure zuwa Afrilu, bayan yawancin dararen sanyi sun wuce. Furen babba ne, ruwan hoda mai duhu zuwa shunayya.

Ƙirarta ce ta sa nake fifita ta ga gidan gari. Gangar jiki ɗaya take yi, ta miƙe sama mita 10 zuwa 12, kanta a tsuke musamman a shekarun farko, har ana jera ta a bakin titi. Ana iya cire rassan ƙasa a hankali, a samu inuwar zama a ƙarƙashi, yara su yi wasa, haske kuma ya shiga ɗaki. Tana saurin girma, tana fure tun tana ƙarama. Abin lura da ita kaɗan ne: takan fitar da tsirai daga gangar jiki waɗanda za a riƙa cirewa, ba ta son alli sosai, kuma in zafi ya sauko da wuri launin furen yakan kwashe. Ba a kowane shago ake samunta ba, amma masu reno da yawa na da ita, kuma ba ta kai campbellii tsada ba.

Elizabeth

Ita ce mai furen rawaya. Lambun tsirrai na Brooklyn a New York ya samar da ita daga acuminata ta gabashin Amurka da denudata ta Sin, aka yi mata rajista a 1977. Takan kai mita 10 zuwa 12, tana da taurin rai, kuma ita ce ta ƙarshen buɗewa, daga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, don haka sanyi bai cika samunta ba. Sai dai kar a sa ran rawaya mai ƙarfi. Launin mai sanyi ne, in rana ta yi zafi ya koma kusan fari, kuma sau da yawa ganye na fitowa tare da furen, ya rage wannan kwarjinin na fure a kan reshe tsirara.

| Iri | Tsayi a mita | Lokacin fure | Jiran furen farko | Jure alli | Haɗarin sanyi | Farashi |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Soulangeana | 6 zuwa 8, mai faɗi | ƙarshen Maris, Afrilu | gajere | kaɗan | babba | mafi araha |
| Campbellii | 15 zuwa 20 | Fabrairu, Maris | mai tsawo | a'a | mafi girma | mafi tsada |
| Merrill | 8 zuwa 10 | Maris, Afrilu | gajere | sosai | matsakaici | matsakaici |
| Galaxy | 10 zuwa 12, tsukakkiya | Afrilu | gajere | kaɗan | ƙarami | matsakaici |
| Elizabeth | 10 zuwa 12 | ƙarshen Afrilu, Mayu | matsakaici | kaɗan | mafi ƙanƙanta | ɗan sama da matsakaici |

Abin da ya haɗa su duka

Game da kuɗi, girman dashe ya fi irinsa tasiri. Ƙarami a tukunya 'yan gomomin fam ne, wanda ya wuce tsayin mutum sosai kuwa ɗaruruwa. Shawarata a sayi matsakaici, mai kamar mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Dalili yana cikin saiwa. In ka zare dashen daga tukunya za ka ga saiwar magnoliya fara-fara ce, mai tsoka, tana karyewa ɓas da ɗan lanƙwasawa, kuma inda ta karye yakan ruɓe. Babban dashen da aka yanke wa saiwa don a ɗauko shi yakan yi shekaru yana jinya, ƙaramin ya zo ya cim masa. In da hali, a saya lokacin da take cikin fure, ka ga launin da idonka, ka kuma tambayi mai sayarwa kai tsaye ko ta ƙwaya ce.

Saiwar nan a sama-sama take bazuwa, don haka wurin da ka dasa ta nan ne gidanta har abada. Ba ta son a tone ta a sauya mata wuri, ba ta son fartanya a gindinta. A haƙa rami mai faɗi, ba mai zurfi ba, kar a binne ta fiye da yadda take a tukunya, a shimfiɗa ruɓaɓɓen ganye ko ɓawon itace a kewaye ba tare da ya taɓa gangar jikin ba. A shayar da ita sosai a lokacin zafi na shekara biyu ko ukun farko, domin ƙishin Yuli da Agusta shi ke rage furen Maris. A guji wurin da ya fi ko'ina gangare a filin, can iskar sanyi ke taruwa, a kuma guji gefen da ranar safe ke fara bugawa, saboda furen da ya daskare in ya narke da sauri ya fi lalacewa. Dodon-koɗi na cin sabon tohon ƙaramin dashe, a sa ido. In za a rage reshe, a bari sai tsakiyar lokacin zafi, domin in aka yanka a farkon shekara ruwan jikinta ya yi ta zuba.

Magnoliya ba ta cikin itatuwan da suka yi ƙaurin suna wajen tsage harsashin gini, amma duk da haka a ba ta tazara daga bango da magudanar ruwa, aƙalla fiye da rabin faɗin da za ta yi in ta girma. A tuna da maƙwabci ma. A Ingila yana da ikon yanke reshen da ya ƙetara masa shinge, kuma furen da ya zube a kan daɓe yana santsi. Wanda gidansa ke unguwar da hukuma ta keɓe don adana tsohon fasalinta, ya sani in bishiyar ta yi kauri sai ya ba kansil sanarwar mako shida kafin ya sare ko ya datse ta.

Wa ya dace da wace

Mai gida a gari ko gefen gari, da fili madaidaici da ƙasa marar alli, wanda ke son doguwar bishiya mai fure kusan kowace shekara, ya ɗauki Galaxy. Ita zan fara nuna wa yawancin mutane. Wanda gwaji ya nuna masa alli, ko yake inda hunturu ke da tsanani, Merrill ce tasa, kar ya wahalar da kansa da sauran. Wanda ke cikin kwari ko arewa, inda raɓa ke daskarewa har ƙarshen Afrilu, Elizabeth ta fi masa kwanciyar hankali, in launinta ya yi masa. Soulangeana ta dace da mai ƙaramin kasafi a tsakiyar birni mai ɗumi, da sharaɗin yana da faɗin mita takwas da zai bar mata ba zarto. Campbellii kuwa sai mai babban fili a yanki mai laushin sanyi kusa da teku, wanda ya san a gidan nan zai tsufa, kuma ta aure zai saya. In sharaɗi ɗaya ya faɗi, ya koma ga Star Wars. Wanda ke haya, ko filinsa bai wuce 'yan taku ba, ya bar manyan nan gaba ɗaya ya nemi stellata, wadda ba ta cika wuce mita uku ba, tana kuma yin shekaru a babbar tukunya da zai iya ɗauka ranar da zai tashi.